Ƙasar da ba ta hutawa: tarihin jaki, gawo da ƙurar hunturu a karkarar Kano

A sassa da yawa na Afirka ta Yamma, al'adar noma ta gargajiya ita ce manomi ya noma gona shekara uku ko huɗu, sa'an nan ya bar ta ta koma saura, ya je ya sari wani daji, sai ta farfaɗo ya dawo mata. Ƙasar ba ta jure wa noma a jere. Amma daga bayan ganuwar Kano zuwa Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, har a doshi Bichi da Ɗambatta, akwai gonakin da babu wani mai rai a yau da ya taɓa ganin sun huta ko da damina guda. Kaka ya noma su, uba ya noma, jika yana nomawa, kuma har yanzu suna ba da gero da dawa da wake.

Abin mamakin shi ne ƙasar wannan yanki ba mai ƙarfi ba ce. Jigawa ce, yashi ya fi yawa a cikinta, ba ta riƙe ruwa sosai, kuma ruɓaɓɓen ganye da saiwa da ke sa ƙasa ta yi baƙi ta yi albarka ƙalilan ne a cikinta. Bisa lissafin masana ƙasa, ya kamata a ce ta gaji tun tuni. Amsar abin da ya hana ta gajiya tana cikin tarihi, kuma tarihin nan na dangantaka ne tsakanin halittu masu rai da marasa rai.

Rabe-raben makaranta

A 1935 wani masanin tsirrai na Ingila mai suna Arthur Tansley ya fito da ra'ayin da a yau ake koyar da shi a kowace makarantar sakandare. Ya ce ba za a fahimci daji ko tafki ko fili ba idan aka tsaya ga tsirrai da dabbobin da ke cikinsa kaɗai. Dole a haɗa da ƙasa da ruwa da iska da hasken rana da zafi, a dube su duka a matsayin tsari guda. Daga nan littattafai suka raba abubuwan da ke cikin tsarin muhalli gida biyu. Gida na farko masu rai: itatuwa, ciyawa, dabbobi, ƙwari, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, da mutum. Gida na biyu marasa rai: ruwan sama, yashi, laka, ƙura, zafi, da sinadaran da tsiro ke ci.

Rabon yana da amfani ga ɗalibi, sai dai yakan sa a ɗauka cewa marasa rai su ne shimfiɗa, masu rai kuma su zo su zauna a kai. Karkarar Kano ta nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A nan, wani babban ɓangare na ita kanta shimfiɗar aikin masu rai ne, an gina ta mangala bayan mangala cikin ɗaruruwan shekaru.

Abin da manomi ya tarar

Abubuwa uku ne manomin Kano bai da iko a kansu. Na farko ruwan sama. A shekara mai matsakaicin ruwa Kano takan samu wajen milimita 800, kuma kusan dukkansa yana sauka cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a marka. Sauran watannin rani ne. Yadda ruwan ya rabu ya fi jimlarsa muhimmanci: idan aka yi shuka sa'an nan ruwa ya ɗauke mako uku, sai a sake iri, ko da daga baya an yi ambaliya.

Na biyu ƙasa. Yawancin ƙasar saman wannan yanki iska ce ta kwaso ta ta jibge a kan tsohon dutse, a zamunan da suka fi na yanzu bushewa. Shi ya sa duk yadda aka ƙara yin arewa, yashin yakan ƙara yawa. Aibinta shi ne talauci, amfaninta kuwa sauƙin aiki: fartanya da garma suna shigarta ba wahala, kuma saiwa takan nutsa da wuri.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi ƙi, wato ƙurar hunturu. Mafi yawanta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda shekaru dubu bakwai da suka wuce wani makeken tafki ya kwanta, wanda tafkin Cadi na yau ɗan saura ne daga gare shi. Da ruwan ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a ƙasan tafkin. Iskar arewa maso gabas ke kwasar ta daga Nuwamba zuwa Maris. Awon da masana suka yi a Kano a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa abin da ke sauka a kan kowace kadada a shekara yakan kai tan guda. Tana ɗauke da sinadarai irin su fotasiyam da kalsiyam da ɗan fosfaras. Ƙurar da ke tsattsaga leɓe ta sa tari, ita ce kuma ke yi wa gona barbaɗen taki kyauta kowace shekara. Kuma ga abin lura: wannan abu da littafi zai sa a layin marasa rai, gawar masu rai ce ta dā.

Abin da manomi ya gina

Ƙura kaɗai ba ta isa ta riƙe gonar da ake girbe ta kullum. Sauran aikin na masu rai ne, kuma mutum ne ya jera su.

Mutane sun daɗe a nan. Binciken tono ya nuna ana narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na bakwai. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, ya kuma ce Sarki Kutumbi, a ƙarni na 17, shi ya fara karɓar jangali daga Fulani, abin da ke nuna cewa shanu sun riga sun zama dukiyar da hukuma ke ƙirgawa. Birni mai ganuwa yana ba da kariya, kariya tana tara jama'a, jama'a kuma idan suka taru daji yakan ƙare. Da babu sauran dajin sara, sai manomi ya koyi ciyar da gonar da ke hannunsa. Lokacin da matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da ƙasa cike da ƙauyuka da gonaki da itatuwa, har ya sa ta cikin wurare mafiya albarka da ya sani.

Ginshiƙi na farko shi ne itacen gona. Manomin Kano ba ya share gonarsa ƙarƙaf. Yakan bar ɗorawa don kalwa da daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, kanya da ɗinya don 'ya'yansu. Saiwar waɗannan itatuwa tana gangarawa inda saiwar gero ba ta kaiwa, ta jawo sinadaran da ruwa ya wanke zuwa ƙasa, ta mayar da su sama ta hanyar ganyen da ke zuba. A cikinsu gawo ya fita daban. Shi yana kaɗe ganyensa ne da faɗuwar damina, ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana lokacin da take buƙata, ganyen nasa kuma yana ruɓewa daidai lokacin da tsiro ke neman abinci. Da rani dabbobi sukan fake a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi a gindinsa. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da kauri. A Damagaram ana ba da tarihin cewa sarakunan ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

Ginshiƙi na biyu shi ne haɗa iri. A kunya guda ko a jere da juna ana shuka gero da dawa da wake, wani lokaci da gyaɗa ko riɗi. Gero yakan nuna da wuri, dawa ta biyo baya, wake ya shimfiɗu ya rufe ƙasa ya ci gajiyar ragowar danshi. A saiwar wake da gyaɗa akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle, a cikinsu ƙwayoyin halitta suke zaune, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna mayar da shi abin da tsiro zai iya ci. Ta nan iska, marar rai, take zama ganye.

Ginshiƙi na uku shi ne dabbobin gida. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a yi musu yankan ciyawa, domin babu makiyaya. Da kaka a tattara harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan itace ko rufin soro, a ciyar da su da rani. Kashinsu, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, su ake tarawa a kai gona kafin ruwa ya sauka. Bayan girbi kuma Fulani sukan sauka da shanunsu a gonaki, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba makiyayi hatsi. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau, arewa maso gabashin birni, tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Ta gano cewa wannan zagaye na harawa zuwa cikin akuya, daga nan zuwa gona, shi ne ƙashin bayan tsarin.

Ginshiƙi na huɗu shi ne birni da jaki. Duk hatsi da itacen da ƙauye ya kai birni, wani yanki ne na ƙarfin gona ya tafi. Jaki ne ya riƙa dawo da shi. Da rani jakuna sukan shiga ta ƙofofin gari ɗauke da itacen girki da kara da hatsi, su fito da mangala cike da taki: kashin dawaki da awaki, toka, sharar bola, da ragowar marina. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kuma daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya bi diddigin wannan kai-komo. A rahoton da suka fitar da J. Wilson a 1965 suka bayyana yankin da a tsakiyarsa fiye da mutum 200 ke zaune a kowace murabba'in kilomita, ana noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasarsa kowace shekara. Iyakar inda takin birni ke kaiwa ita ce iyakar tafiyar jaki ya je ya dawo a yini. Ƙafar jaki ce ta shata wa wannan da'ira ta gonaki mafiya albarka iyaka.

Lokutan da igiya ta kusa tsinkewa

Tsarin bai taɓa zama lami lafiya ba. Wajen 1890 annobar shanu da ta ratsa Afirka daga gabas ta iso ƙasar Hausa, ta kashe mafi yawan garkunan Fulani. Ƙwayar cuta guda ta yanke wa gonaki wata babbar hanyar taki na shekaru.

A 1911 layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun yi tsammanin auduga za ta cika taragai, sai manoma suka zaɓi gyaɗa. Dalilinsu na muhalli ne da na ciki: gyaɗa tana son jigawa, tana shiga cikin haɗin irin da suka saba, harawarta abincin dabba ce, kuma idan yunwa ta zo ana cin ta, ba kamar auduga ba. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta kai wajen tan dubu 19, kuma fatake irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan dillalanta. Amma a wannan shekarar ce ruwa ya ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai har 1914. Mutane da yawa sun mutu. Marasa rai sun tuna wa kowa cewa iko na ƙarshe yana hannun ruwan sama.

Gyaɗa ta kawo kuɗi, ta kuma buɗe wata ƙofar asara da ba a gani. Hatsin da aka ci a Kano yana iya komowa gona a mangala. Buhun gyaɗar da ya hau dala, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Legas, daga can zuwa Ingila, fosfaras ɗin da ke cikinsa ba ya dawowa har abada. Wannan na cikin dalilan da suka sa daga shekarun 1950 hukuma ta fara tallata takin zamani na sufa ga manoman gyaɗa.

A 1935, shekarar da Tansley ya fito da ra'ayinsa, wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya wallafa gargaɗin cewa Sahara tana gangarowa kudu, kuma manoma ne ke buɗe mata hanya da gatari da wuta. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar da ke tafiya ba. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba: idan jama'a suka yi yawa, itace zai ƙare, ƙasa za ta mutu.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a farkon shekarun 1970. A 1973 ruwan da Kano ta samu bai wuce kusan rabin na al'ada ba. A 1975 wata cuta da ke murƙushe ganyen gyaɗa, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa, ta share gonaki. Fari da cuta da faɗuwar farashi suka haɗu, dalar gyaɗa ta ɓace. An sake yin fari a 1983 da 1984. Manoma suka karkata ga wake da gero mai saurin nuna, suka ƙara kiwon awaki, matasa suka ƙara yawaita ci-rani.

Bayan wannan duka, wata tawagar masana ta Jami'ar Bayero, har da Mortimore, ta gwada hotunan sama na shekaru daban-daban ta kuma ƙirga itatuwa a ƙasa. Sakamakon da ta wallafa a 1990 ya saɓa wa hasashen Stebbing. Itatuwan gonakin da ke kewaye da Kano ba su ragu ba duk da fari biyu da buƙatar birni. Inda ake sarar itace babu ƙaƙƙautawa shi ne dazuzzukan nesa marasa mai su. Itacen gona yana da mai shi: ana yi masa sassabe, a sari reshe, a bar uwa.

Wannan ba ya nufin karkarar Kano aljanna ce. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Dorayi ta wallafa littafinta a 1977, ta nuna ɗaya fuskar: gonaki sun tsuke ƙwarai, magidanta da yawa ba su da abin da zai ciyar da su, kuma mai dabbobi da jaki shi ke samun taki, talaka ya sa wa gonarsa ido tana tsufa. A irin wannan gona ce wuta-wuta ke yaɗuwa, tana manne wa saiwar gero da dawa tana tsotse su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasa tana iya zama lafiya a jimla alhali gonar wani tana mutuwa.

Inda ake a yau

Kowane ginshiƙi daga cikin huɗun nan yana fuskantar matsi. Sharar birni ta canza: leda da roba da fasassun kwalabe da tsofaffin batura sun cakuɗe da toka da kashi, har manomi ya biya tifa ta juye masa, sa'an nan ya shafe kwanaki yana tsince ta. Jaki ya yi ƙaranci ya yi tsada, babura da motoci sun karɓe aikinsa, cinikin fatarsa zuwa Sin kuma ya ci da yawa, har Tarayyar Afirka ta hana yanka jaki don fata a 2024. An cinye burtali da dama, amana tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni, saukar shanu a gona bayan girbi ta ragu. Birni yana cin gonakin da suka fi shan taki a tarihi: ƙasar da aka yi ƙarnuka ana ciyarwa a Ungogo da gefen Dawanau tana komawa fulotai. Gado yana ƙara rarraba abin da ya rage. Tsofaffin ɗorawa da gawo suna faɗuwa, kuma a wurare da yawa darbejiya ce ke maye gurbinsu, wadda ke ba da inuwa da itace amma ba ta yin aikin gawo a gona.

Takin zamani, kamfa da yuriya, yana cike wani gurbi, kuma ba za a ciyar da jama'ar Kano ta yau ba tare da shi ba. Sai dai yana ba tsiro abinci ne kawai. Ba ya ba yashi abin riƙe ruwa, ba ya ciyar da gara da tsutsa da ƙwayoyin halittar da ke juya ruɓaɓɓen ganye ya zama ƙasa. A jigawar da ba ta da takin gargajiya, ruwan sama guda mai ƙarfi yana iya wanke buhun da aka sayo da tsada zuwa inda saiwa ba ta kaiwa.

Akwai darasi a arewa da iyaka. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu, suna rage rassa su bar ɗaya ko biyu su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan biyar, da yawansu gawo. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Hikimar da karkarar Kano ta daɗe da ita ce, aka farfaɗo da ita a ƙasar da ta fi ta ƙarancin ruwa.

Ruwan sama da ƙurar Bodele za su ci gaba da zuwa yadda Allah ya so, babu gwamnatin da za ta ƙara su ko ta rage. Abin da ke hannun mutane shi ne sauran: ko za a raba sharar da ke ruɓewa da leda tun daga gida domin ta koma gona, ko za a kare burtalin da ya rage, ko tsarin faɗaɗa birni zai ware gonakin da suka fi albarka, ko manomi zai bar tohon gawo ya tsira a tsakiyar kunya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Albarkar jigawar Kano ajiya ce da magabata suka riƙa zubawa kowane rani, kuma ranin da aka daina zubawa, daga ranar aka fara cin uwar kuɗi.